Wiskin Scotland: tsakanin harshen masu ɗanɗano da gudumar mai gwanjo

A ƙarshen watan Mayu na kowace shekara, ɗan ƙaramin tsibirin nan na Islay da ke gaɓar yammacin Scotland, wanda mazaunansa ba su wuce mutum dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba, yakan cika ya batse da baƙi daga Jamus da Japan da Amurka da sauran sassa na duniya. Abin da ke kawo su shi ne bikin Fèis Ìle, inda matatun wiski na tsibirin ke buɗe ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya, kowace da ranarta. A nan za a ga manya da matasa zaune a gaban dogayen tebura, an jera wa kowannensu ƙananan kofunan gilashi biyar ko shida masu faɗin ciki da tsukakken baki, suna sunsunawa, suna kurɓa kaɗan, suna rubutu a 'yan littattafansu, sa'annan su kaure da gardama a kan ko hayaƙin Laphroaig ya fi na Lagavulin kaifi.

Ga mai kallo daga nesa wannan shagali ne kawai na waɗanda suka ci suka ƙoshi. To amma a haƙiƙa a bayan waɗannan 'yan kofuna akwai wata babbar sana'a da ta dogara a kan hukuncin da harsunan mutanen ke yankewa. Alƙaluman ƙungiyar masu sana'ar wiski ta Scotland, wato SWA a taƙaice, sun nuna cewar a shekara ta 2024 an fitar da kwalabe biliyan 1.4 zuwa ƙetare, waɗanda kuɗinsu ya kai fam biliyan 5.4, kuma mutane kimanin dubu 41 ne ke cin abinci ta wannan hanya a Scotland, da yawa daga cikinsu a ƙauyuka da tsibiran da ba su da wata madogara ta kirki. Nau'in da masu ɗanɗano suka fi ji da shi, wanda ake rubuta Single Malt a jikin kwalbarsa, ma'ana wiskin sha'ir zalla na matata ɗaya, bai wuce kimanin kwalba ɗaya cikin goma ba a yawan abin da ake fitarwa, amma shi ne ke samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da ke shigowa. Abin da ya haifar da wannan rata tsakanin yawa da daraja shi ne yarda: mai saye ya amince cewar abin da ke cikin kwalbar ya kai kuɗin da aka yanka masa. Wannan yarda ce a 'yan shekarun nan ta shiga halin gwaji, sakamakon tsadar farashi da bayyanar sabbin abokan gogayya da kuma rikicin haraji tsakanin gwamnatoci.

Abin da ke cikin kofin

Kalmar wiski ta samo asali ne daga harshen Gaelic, inda take nufin ruwan rai. Ita kanta fasahar tace ruwa ta hanyar tururi Turawa sun gaje ta ne daga masanan ƙasashen Larabawa da Farisa, waɗanda suka yi amfani da ita wajen haɗa turare da magunguna. Rubutacciyar shaida ta farko game da wannan sana'a a Scotland tana cikin kundin baitulmalin sarki na shekara ta 1494, inda aka ambaci sha'irin da aka bai wa wani malamin majami'a mai suna John Cor. Shekaru aru-aru talakawa na dafa kayansu a ɓoye cikin tsaunuka don kauce wa masu karɓar haraji, har sai da dokar 1823 ta sauƙaƙa samun lasisi, kuma George Smith na Glenlivet ya karɓi nasa a shekara ta 1824.

A yau dokar da majalisar Birtaniya ta amince da ita a shekara ta 2009 ita ce ke fayyace kome. Kafin a kira wiski da sunan na matata ɗaya wajibi ne a yi shi da ruwa da sha'irin da aka jiƙa ya tsiro, ba tare da wani hatsi dabam ba, a tace shi a tukwanen jan ƙarfe a matata guda, sa'annan a adana shi cikin gangunan itacen oak a ƙasar Scotland na tsawon aƙalla shekaru uku. Ƙarfin barasarsa ba zai gaza kashi 40 cikin 100 ba, kuma adadin shekarun da aka rubuta a kwalba na mafi ƙarancin shekaru ne daga cikin gangunan da aka zuba. Tun daga shekara ta 2012 ma ba a yarda a ɗura shi a kwalba a wajen Scotland ba.

Tambayar da ta haifar da dukkan gardamar masu ɗanɗano ita ce, ta yaya kayan haɗi iri ɗaya ke ba da ɗanɗano mabambanta haka? Amsar tana wurare uku. Na farko shi ne wutar da ake busar da sha'irin da ita. A Islay da wasu tsibirai akan ƙona wani irin gawayin fadama, wato ruɓaɓɓun ciyayi da suka daskare cikin dausayi tsawon dubban shekaru, kuma hayaƙinsa ne ke bai wa Ardbeg da Laphroaig ƙamshin nan da wasu ke kwatantawa da na ɗakin magani. Na biyu shi ne siffar tukunyar: dogayen tukwane irin na Glenmorangie na ba da ruwa mai sauƙi, gajeru irin na Macallan kuwa mai nauyi. Na uku, wanda masu sana'ar da dama ke ganin ya fi sauran tasiri, shi ne gangar. Dokar Amurka ta tilasta wa masu yin wiskin Bourbon amfani da sabuwar ganga a kowane zubi, saboda haka tsofaffin gangunansu ke kwarara zuwa Scotland da rahusa, suna ba da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, a yayin da gangunan giyar inabi ta Sherry daga yankin Jerez na Sifaniya ke ba da launi mai duhu da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. A kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin ganga na bin iska, wanda hakan na ɗaya daga cikin dalilan tsadar tsohon wiski.

Doka ta amince da yankuna biyar, wato Highland da Lowland da Speyside da Islay da Campbeltown, kuma sabon shiga yakan fara ne da haddace cewar na Speyside mai laushi ne, na Islay mai hayaƙi. Amma wanda ya daɗe a harkar ya san wannan rabo bai cika zama daidai ba, domin Bunnahabhain da ke Islay akasarin kayanta ba su da hayaƙi, alhali Benriach da ke tsakiyar Speyside tana yin mai hayaƙi. Hatta al'adar ɗiga ruwa kaɗan a kofi, wadda aka daɗe ana musu a kanta, ta samu goyan bayan kimiyya a shekara ta 2017, lokacin da masana biyu na jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin suka bayyana cewar sirkawa da ruwa na tura wani sinadarin ƙamshi mai suna guaiacol zuwa saman kofin, inda hanci zai fi saurin kama shi.

Yadda 'yan ƙalilan suka sauya kasuwa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ɗaukaka da wiskin matata ɗaya ya samu ba ta daɗe ba. Tun bayan da Aeneas Coffey ya yi rajistar injinsa mai tacewa ba tsayawa a shekara ta 1830, aka samu damar yin wiskin hatsi mai arha da yawa, 'yan kasuwa suka riƙa gauraya shi da na sha'ir, kuma wannan gaurayayyen wiski, irin su Johnnie Walker da Dewar's, shi ne ya mamaye duniya, musamman bayan da wani ƙwaro ya lalata gonakin inabi na Faransa a ƙarshen ƙarni na 19 ya janyo ƙarancin barasar Cognac. Kusan shekaru ɗari matatun sha'ir ba su da wani matsayi face na masu sayar da kayan haɗi ga manyan kamfanoni. Sai a shekara ta 1963 ne iyalan Grant masu Glenfiddich suka yi ƙundumbalar tallata nasu shi kaɗai a ƙetare, a daidai lokacin da sauran abokan sana'a ke musu kallon masu ɓata kuɗi.

Daga nan sai aka shiga mawuyacin hali. Kamfanoni sun cika rumbunansu da ganguna a shekarun 1970 bisa zaton cewar ciniki zai ci gaba da bunƙasa, sai tattalin arziƙin duniya ya karye, matasa kuma suka koma ga wasu nau'o'in barasa. A shekara ta 1983 kamfanin DCL, wanda daga bisani ya zama wani ɓangare na Diageo, ya rufe matatu da dama, ciki har da Port Ellen a Islay da Brora a arewacin ƙasar, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aikin yi.

A wannan shekarar ce kuma wasu abokai a birnin Edinburgh a ƙarƙashin jagorancin Pip Hills suka kafa ƙungiyar Scotch Malt Whisky Society, suna sayen ganga guda daga matata su raba tsakaninsu, suna sanya wa kwalaben lamba a maimakon sunan matatar, domin mai sha ya yi hukunci da harshensa. A shekara ta 1989 marubuci ɗan Ingila Michael Jackson, wanda suna kawai ya haɗa shi da mawaƙin nan na Amurka, ya wallafa littafin da ya bai wa kowane wiski maki bisa ɗari. Sannu a hankali aka samu mujallu da ƙungiyoyi da bukukuwa, aka kuma samu wani sabon salon magana na kwatanta ƙamshi da ɗanɗano. Waɗannan mutane ne suka gano cewar ragowar gangunan Port Ellen da aka yi watsi da su a rumbu sun zama abin nema. Kwalbar da Diageo ya fara fitarwa daga cikinsu a shekara ta 2001 a kan fam ɗari da 'yan kai, irinta ta shekara ta 2017 ta haura fam dubu biyu. A ƙarshe kamfanin ya sake buɗe Brora a shekara ta 2021 da Port Ellen a shekara ta 2024, wato dai sha'awar masu ɗanɗano ta tayar da matatun da lissafin akantoci ya binne shekaru kusan arba'in da suka wuce.

Idan aka ɓoye suna

Sai dai kuma makamin da ya ɗaukaka Scotland shi ne ya juyo kanta. Babbar ƙa'idar masu ɗanɗano ita ce a ɓoye kwalba a zuba a kofin da ba shi da alama, ta yadda suna ko farashi ba zai rinjayi kowa ba. Tun a shekara ta 1983 wasu likitocin tiyata biyu a Landan, Stephen Chadwick da Hugh Dudley, suka wallafa sakamakon wani ɗan gwaji a mujallar likitocin Birtaniya, inda suka rufe wa abokan aikinsu takwas ido suka nemi su bambanta wiskin matata ɗaya da gaurayayye. Abin da suka samu bai zarce na mai kintace da wani abin kirki ba. Ko da yake gwaji ne ƙarami kuma mutanen ba ƙwararrun masu haɗa wiski ba ne, amma ya nuna irin rawar da ido da suna ke takawa a abin da harshe ke ji.

Darasi mafi zafi daga gabashin Asiya ya zo. A shekara ta 1918 wani matashi ɗan Japan, Masataka Taketsuru, ya tafi Scotland, ya yi karatu a jami'ar Glasgow, ya koyi aiki a matatun Longmorn da Hazelburn, ya koma gida da littattafansa cike da zane-zanen tukwane. Shi ne ya taimaka wa Shinjiro Torii wajen gina matatar Yamazaki a shekara ta 1923, kafin ya kafa tasa a Yoichi a shekara ta 1934. Shekaru da dama Turawa na ɗaukar kayan Japan tamkar kwaikwayo, har zuwa shekara ta 2001 lokacin da wiskin Yoichi mai shekaru 10 ya zo na ɗaya a gasar ɗanɗano ta mujallar Whisky Magazine. A watan Janairun 2010 jaridar Times ta shirya irin wannan zama a unguwar Leith ta Edinburgh, kuma wiskin Kavalan na Taiwan, wanda ko shekaru uku bai cika a ganga ba, ya doke na Scotland a cikin gidansu. A shekara ta 2014 Sullivans Cove na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya ya lashe kambun duniya na wiskin matata ɗaya, kuma a ƙarshen shekarar marubuci Jim Murray ya ayyana wani wiskin Yamazaki a matsayin gwarzon shekara a littafinsa, ba tare da ko ɗaya na Scotland ya shiga sahun biyar na farko ba.

Manazarta na bayanin cewar zafin ƙasashe irin su Taiwan da Indiya na sa ganga ta yi aikinta cikin hanzari, ko da yake asarar da ke bin iska ta ninka ta Scotland sau da yawa. Kamfanin Amrut na birnin Bangalore ma a Glasgow ya fara ƙaddamar da nasa a shekara ta 2004, kuma a watan Janairun 2025 hukumomin Amurka suka fara aiki da ƙa'idar da ta amince da wiskin matata ɗaya na Amurka a hukumance. Ma'anar wannan duka ita ce, doka tana iya kare sunan Scotland, amma kalmomin Single Malt sun zama mallakar kowa.

Daga kofi zuwa gidan gwanjo

A ɗaya ɓangaren kuma yabon da masu ɗanɗano suka riƙa yi ya janyo hankalin wasu mutane dabam, waɗanda ba su da niyyar buɗe kwalba ko sau ɗaya. Rahoton kamfanin Knight Frank na shekara ta 2019 ya nuna cewar farashin kwalaben da ba a cika samu ba ya tashi da kashi 582 cikin 100 a tsawon shekaru goma, abin da ya zarce na zane-zane da tsofaffin motoci. A shekara ta 2022 an sayar da ganga guda ta Ardbeg ta shekarar 1975 a kan fam miliyan 16, kana a watan Nuwamban 2023 gidan gwanjo na Sotheby's a Landan ya sayar da kwalba ɗaya ta Macallan ta shekarar 1926, ɗaya daga cikin 40 kacal da aka ɗura, a kan sama da fam miliyan 2.1.

Hausawa na cewa inda baki ya karkata nan yawu kan zuba, kuma inda kuɗi ya taru nan 'yan damfara kan nufa. A shekara ta 2017 wani baƙo ɗan ƙasar Sin ya biya kuɗin Suwizalan faran 9,999 a wani otal da ke St Moritz domin kurɓi ɗaya na abin da aka ce Macallan ne na shekarar 1878, daga baya bincike ya tabbatar da cewar gaurayayyen wiski ne na farkon shekarun 1970, otal ɗin ya mayar masa da kuɗinsa. Shekara guda bayan haka wata cibiyar binciken jami'o'in Scotland da ke East Kilbride ta auna tsofaffin kwalabe 55 ta hanyar gwajin sinadarin kabon, ta gano 21 daga cikinsu jabu ne ko kuma ba a shekarar da aka rubuta aka yi su ba. Binciken da BBC ta gudanar a shekara ta 2025 kuwa ya bankaɗo yadda aka yaudari ɗaruruwan mutane, wasunsu da kuɗin fanshonsu, aka sayar musu da ganguna a kan farashin da ya wuce ƙima ko ma gangunan da babu su sam.

Shi kuwa mai ɗanɗano na asali, wanda ya gina wannan kasuwa, sai ya tarar an bar shi a baya. Saboda ƙarancin tsofaffin ganguna, kamfanoni suka fara cire adadin shekaru daga kwalabe. A shekara ta 2012 Macallan ya maye gurbin wasu kwalabensa masu shekaru da sunayen launuka a wasu kasuwanni, Glenlivet ma ya janye mai shekaru 12 na wani lokaci daga kasuwar Birtaniya da Jamus a shekara ta 2015. Kamfanonin sun ce shekaru ba su ne ma'aunin inganci ba, su kuma masu saye suka tuna musu cewar su ne suka shafe shekaru suna koya wa duniya akasin haka. Akwai kuma tsohon ƙorafi game da ƙonannen sukari da doka ta yarda a ƙara don daidaita launi, wanda a Jamus wajibi ne a bayyana shi a jikin kwalba, amma a Birtaniya ba dole ba ne.

Siyasa da haraji

Matsalar ba ta tsaya a nan ba, domin kuwa shaharar wannan haja ta mayar da ita abin kai wa hari a duk lokacin da gwamnatoci suka saɓa. A watan Oktoban 2019 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan wiskin matata ɗaya, ta ƙyale gaurayayye, a matsayin ramuwa a rikicinta da ƙasashen Turai dangane da tallafin da ake bai wa kamfanonin jiragen sama na Airbus da Boeing. Kafin a dakatar da harajin a watan Maris na 2021, ƙungiyar SWA ta ƙiyasta asarar sama da fam miliyan 600, a rigimar da ba ruwan manomin sha'ir ko mai gyaran ganga a cikinta. A watan Afrilun 2025 gwamnatin shugaba Donald Trump ta sake sanya harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayayyakin Birtaniya, abin da ƙungiyar ta ce a shekarar yana janyo mata asarar kimanin fam miliyan 4 a kowane mako. Nauyin lamarin zai fito fili idan aka lura cewar Amurka ce kasuwa mafi tsoka, wadda ta sayi wiskin fam miliyan 971 a shekara ta 2024.

Fatan masu sana'ar ya koma kan Indiya, wadda ta karɓi kwalabe miliyan 192 a shekara ta 2024, fiye da kowace ƙasa. Yarjejeniyar ciniki da Birtaniya da Indiya suka rattaba wa hannu a watan Yulin 2025 ta tanadi rage haraji daga kashi 150 zuwa 75 cikin 100, sa'annan zuwa 40 a cikin shekaru goma. Amma kaso mai yawa na abin da Indiya ke saye a tankuna yake tafiya domin a gauraya da na gida, kuma masu hannu da shuni na ƙasar sun fara alfahari da nasu irin Amrut da Paul John da Indri.

A cikin gida ma gwamnatin Birtaniya ta ƙara harajin barasa da kashi 10.1 cikin 100 a watan Agustan 2023, ta sake ƙarawa a watan Fabrairun 2025. Bayan da cinikin ƙetare ya kai ƙololuwarsa ta fam biliyan 6.2 a shekara ta 2022, ya sauko zuwa 5.6 a 2023 da 5.4 a 2024, kuma wiskin matata ɗaya ne ya fi jin jiki. Farashin gwanjo ya faɗi, a shekara ta 2025 kuwa an dakatar da aiki a matatar Glenglassaugh, matatar tsibirin Harris ta rage ma'aikata, a yayin da ganguna kimanin miliyan 22 ke kwance a rumbuna. Kuma da yake Diageo na Landan da Pernod Ricard da LVMH na Faransa da Suntory na Japan da Brown-Forman na Amurka ne ke riƙe da yawancin fitattun sunayen, shawarar rufe matata ko rage aiki a wani ƙauye na Scotland sau tari daga nesa take fitowa.

Wannan ne ya sa masu sana'ar ba sa wasa da ma'anar kalmomin da ke jikin kwalba. A shekara ta 2003 Diageo ya gauraya wiskin matatu da dama ya ci gaba da sayarwa da sunan Cardhu a irin kwalbar da aka saba, sai sauran kamfanoni da masu ɗanɗano suka yi masa ca, ala tilas ya janye a 2004, kuma wannan rikici na daga cikin abubuwan da suka haifar da dokar 2009. Haka nan a watan Fabrairun 2025 ƙungiyar SWA da 'yan siyasar Scotland suka tayar da jijiyar wuya a kan wata buƙata ta masu yin wiski a Ingila, wadda za ta ba su damar jiƙa sha'ir da tsima shi a wani wuri, su tace a wani wurin, su kuma kira shi na matata ɗaya.

Ɓangaren da ba a so a ambata

Ƙungiyar da ke kare martabar wannan suna ita ce kuma ta shafe shekaru biyar tana shari'a da gwamnatin Scotland a kan dokar 2012, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin da za a sayar da barasa domin rage shaye-shaye. Kotun ƙolin Birtaniya ta bai wa gwamnati gaskiya a watan Nuwamban 2017, dokar ta fara aiki a ranar 1 ga watan Mayun 2018 a kan kwabo 50 na kuɗin Ingila ga kowane ma'auni na barasa, aka ɗaga zuwa 65 a watan Satumban 2024. Hukumar lafiyar jama'a ta Scotland ta ƙiyasta cewar matakin ya rage mace-macen da barasa ke haddasawa kai tsaye da kimanin kashi 13 cikin 100, amma duk da haka mutane 1,277 ne suka rasu ta wannan hanya a shekara ta 2023, adadi mafi yawa tun 2008. Ko shakka babu ba kwalbar fam ɗari ce ke kashe talakan Glasgow ba, kuma dokar ba ta taɓa farashin wiskin matata ɗaya ba, to amma kamfanonin da ke sayar da mai tsadar su ne dai ke sayar da mai arhar, kuma ƙasar da ke tallata barasa a matsayin abin alfaharinta tilas ta riƙa amsa tambaya game da gadajen asibitocinta.

Tarihin wannan sana'a cike yake da hawa da sauka. Kamfanin 'yan'uwan Pattison ya durƙushe a shekara ta 1898 ya ja matatu da dama ƙasa, garin Campbeltown da ya taɓa mallakar matatu kimanin 30 ya wayi gari da biyu kacal a tsakiyar ƙarni na 20, sa'annan ga abin da ya faru a 1983. Dalilin kuwa ɗaya ne a kullum: abin da aka zuba a ganga yau sai bayan shekaru goma ko sha biyu za a sayar, saboda haka kowane mai matata yana caca ne da kasuwar da bai gani ba. A karon da ya gabata waɗanda suka fitar da sana'ar daga rami su ne mutanen da ke buɗe kwalba su kwatanta, su faɗi gaskiyar abin da suka ji. Masu sayen kwalba don ajiya sun fara ja da baya tun da farashi ya juya, kuma abin jira a gani shi ne ko kamfanonin za su sassauta farashi su kuma fayyace abin da ke cikin kwalabensu domin dawo da waɗancan tsofaffin abokan ciniki, waɗanda a yanzu suke da kofin Japan da na Taiwan da na Indiya jere a kan teburinsu.